Zuwa Kallon Shallal da Hawan Dutse Daga Makka da Jidda

Mutum zai ga bidiyon ruwa yana kwararowa daga saman duwatsun Shafa da ke kusa da Ɗa'ifa a WhatsApp, ya tara iyali ranar Asabar ya kama hanya, ya je ya tarar da busasshen dutse da baƙin tabo inda ruwan ya bi. Ba yaudararsa aka yi ba. Saudiyya ba ta da kogi ko ɗaya mai gudu shekara cur, saboda haka yawancin shallal ɗin da ke nan, wato ruwan da ke zubowa daga saman dutse, ba irin Gurara ba ne ko Matsirga, da za ka je kowane wata ka samu ruwa. Na nan ɗan ruwan sama ne. Wani yini ɗaya yake yi ya ƙafe, wani ya kai kwana biyu ko uku, ƙalilan ne masu idon ruwa a bayansu da ke daɗewa. Kuma ruwan da ya kawo shallal ɗin, shi ne dai yake cika kwari ya tafi da mota. Don haka wanda zai fita, sanin lokaci ya fi masa sanin wuri amfani.

Inda za a nufa

Ga mazaunin Makka ko Jidda, Ɗa'ifa ce kusa. Daga Makka kusan kilomita 90 ne ta hanyar Hada, daga Jidda kuma wajen kilomita 170. Makka tana ƙasa da mita 300 daga doron teku, Ɗa'ifa tana wajen mita 1,800, Hada da Shafa sun haura 2,000. Iska tana rage zafi kusan digiri 6 a kowace mita 1,000 da aka hau, shi ya sa za ka baro titin Shari'a Mansur a Makka kana gumi, ka isa Shafa kana neman rigar sanyi.

Hanya biyu ce daga Makka. Ta Hada ita ce gajeriya, amma tana hawa ne da lanƙwasa a jikin dutse, kuma hukuma takan rufe ta idan hazo ya yi yawa, ko an yi ruwa duwatsu sun gangaro, ko ana gyara. Ta Sailul Kabir ta fi tsawo, amma hawanta a hankali ne. Direban da bai taɓa bin hanyar dutse ba, ko mai tsohuwar mota cike da mutane, ya bi ta Sail, babu abin kunya a ciki. Wanda ya yi niyyar umra a dawowa ya tuna cewa miƙati yana kan hanyoyin biyu: Ƙarnul Manazil a Sailul Kabir, da Wadi Muhrim a kan hanyar Hada. Sai a ajiye haramin a cikin mota tun daga gida. Iƙama ko fasfo kuwa kada su bar aljihu, don akwai shingen bincike, kuma idan lokacin Hajji ya ƙarato shiga Makka sai da izini. Mutanen Jidda su lura da wannan kafin su tsara tafiya a Zulƙida da farkon Zulhajji.

A Hada akwai tsohuwar hanyar raƙuma da aka shimfiɗa da duwatsu, wadda ayari suke bi tsakanin Makka da Ɗa'ifa kafin a yi titi. Tana da kyau ga mai son gwada ƙafa, sai dai gangara ce, kuma duk abin da ka sauka sai ka hau shi a dawowa. Akwai kuma motar igiya mai sauka daga Hada zuwa Kar a gindin dutsen, ga tsofaffi da yara da ke son ganin wurin ba tare da wahala ba. Shafa tana kudu maso yammacin Ɗa'ifa, tafiyar kusan kilomita 25, a nan ne Jabal Daka yake da Wadi Zi Gazal, kuma a nan aka fi samun shallal bayan ruwa. Mai son tafiya a shimfiɗaɗɗen wuri ya nufi Saisad a arewa maso gabashin gari, inda akwai wata madatsar ruwa ta duwatsu da aka gina zamanin Mu'awiya, a shekara ta 58 bayan Hijira, rubutun yana nan a jikin dutse har yau.

Baha ta fi Ɗa'ifa ruwa da itatuwa, da dajin Ragadan da shallal ɗin Khaira da ƙauyen Zi Ain mai idon ruwa da gonakin ayaba, amma ta haura kilomita 200 daga Ɗa'ifa. Wannan tafiyar kwana ce, kada a cusa ta cikin yini ɗaya. Haka Tanuma da shallal ɗin Dahna, ballantana Wadi Lajab da ke yankin Jazan.

Zaɓen rana

A duwatsun Sarawat, jerin da Ɗa'ifa da Baha suke kai, an fi samun ruwa daga Maris zuwa Mayu, sai kuma wajen Agusta da hadari ke tasowa da yamma, wani lokaci a ƙara samu a Nuwamba. Ƙarshen Maris da Afrilu ya fi daɗi, don lokacin ne ake tsinkar furen wardi a gonakin Hada da Shafa, ko ba a dace da shallal ba an ga wani abu.

Ƙa'idar mai sauƙi ce, riƙe ta ne yake wahala: ba a zuwa ranar da ake ruwa. Washegari ake zuwa, da sassafe, idan gari ya washe kuma Cibiyar Hasashen Yanayi ta Ƙasa ba ta fitar da gargaɗi a kan Ɗa'ifa ko garuruwan Maisan da Adam na wannan yanki ba. Gargaɗin nata mataki-mataki ne da launi, rawaya, ruwan lemo, ja. Mai ruwan lemo ko ja ya soke tafiyar ke nan, ko an riga an dafa abinci. Mai rawaya kuma a tsaya a saman tudu, kada a shiga kwari. A duba da daddare, a sake dubawa bayan Asuba, don hasashen dutse yana sauyawa cikin sa'o'i kaɗan.

A bar gida da an sallame Asuba. Dalili biyu ne. Na farko, rana ba ta yi ƙarfi ba. Na biyu, a waɗannan duwatsu gajimare yakan fara taruwa bayan Azahar, iska mai laima daga Tihama, wato shimfiɗaɗɗiyar ƙasar bakin teku, ta hauro jikin dutse ta yi sanyi, ta koma hazo ko hadari wajen La'asar. Wanda ya fara tafiya ƙarfe 7 na safe ya gama kafin 12 ya tsere wa duka biyun. Wanda ya taso daga Jidda bayan sallar Juma'a, daidai lokacin da sama ke haɗuwa zai isa, sannan ya sauko Hada cikin duhu da cunkoso.

Mota

A hawa inji ne yake wahala, a sauka birki. Kafin a tashi, da inji a sanyaye, a duba ruwan lagireto da baƙin mai da man birki da iskar taya, har da ta safaya, a tabbatar jak da sifana suna ciki. A cika tanki. Idan ana hawa allurar zafi ta fara tashi, a kashe na'urar sanyaya mota, a samu fili a gefe a tsaya. Kada a buɗe murfin lagireto yana da zafi, ruwan yana cikin matsi, zai yi tsalle ya ƙona fuska da hannu. A jira rabin sa'a.

Saukowa ce take cin mutane. Daga Hada zuwa gindin dutse ana sauka fiye da mita 1,000 cikin tafiyar kusan kilomita 20. Direban da ya ɗora ƙafa a kan birki tun daga sama, ƙarfen zai yi zafi har birkin ya daina kamawa, idan man birkin tsoho ne da ya sha laima ya tafasa, sai ka taka ka ji ƙafarka ta nutse babu komai. Maganinsa a bar inji ya riƙe motar: giya ta 2 ko ta 3 a mai kuloci, L ko 2 a mai canza kanta. A taka birki da ƙarfi na ɗan lokaci a saki, kada a riƙa shafa shi. Kada a saka giya a furi don tsimin mai. Idan an ji warin ƙauri, a tsaya a bar shi ya huce da kansa minti 20 zuwa 30. Zuba masa ruwa yana lanƙwasa farantin birkin.

Cikin hazo a kunna ƙaramar fitila da ta hazo. Babbar fitila dawo maka take yi cikin ido. A bi farin layin gefen titi, a bar tazara, kuma kada a tsaya a kan kwana don ɗaukar hoto.

Abin da za a saka da abin da za a ɗauka

Silifas da takalmin fata mai sulɓin ƙasa su ne suka fi kayar da mutane. Ana buƙatar rufaffen takalmi mai zanen roba a ƙasa, wanda ƙafa ta riga ta saba da shi, da safa mai kauri. Sabon takalmi ranar tafiya bororo ne kawai. A yanke farce, don a gangara yatsu suna dukan bakin takalmi.

Alhaji ya ajiye doguwar jallabiya a mota, ya saka wando da riga mai dogon hannu. Hajiya ta saka wando a ciki, da abayar da ba ta jan ƙasa, ta ɗaure mayafi yadda iska ba za ta ɗauke shi ba kuma hannu biyu su zama a sake. Abaya mai ja tana shiga ƙarƙashin ƙafa a hawa, kuma idan ta jiƙe tana yin nauyi ta naɗe ƙafafu. Goyo a baya da zani a kan gangara mai tsakuwa ba dabara ba ce. Idan da jariri, a zauna a wurin da mota ke kaiwa. Kowa ya zo da hula ko malafa da rigar sanyi. Sanyin iska yana ruɗin mutum, amma ranar saman dutse ta fi ta ƙasa ƙuna, kuma a Disamba da Janairu daren Shafa yakan kusa kai sifili.

Ruwan sha: rabin lita a kowace sa'a ta tafiya idan da sanyi, lita guda idan da zafi, ga kowane babba. Tafiyar sa'a 4 ke nan lita 2 zuwa 4 a bayan kowa, ba katan ɗaya a bayan saurayi ɗaya ba, don idan ya yi gaba ya bar sauran a bushe. A bar wani katan a mota saboda dawowa. A sha kaɗan-kaɗan tun kafin ƙishi ya zo. Idan ruwan da aka ɗauka ya kai rabi, lokacin juyawa ya yi, ko an isa ko ba a isa ba. Ruwan kwari da na kududdufi ba na sha ba ne, awaki da birai sun riga ka.

Abinci mara nauyi: dabino, gyaɗa, ayaba, gurasar tamis da cuku, dafaffen ƙwai, shayi a filas. Kilishi da dambun nama suna da daɗin ɗauka amma gishiri da yaji suna ƙara ƙishi, a ci kaɗan. Mandi da kabsa a bari sai an sauko. A ƙaramar jaka a saka filasta, bandeji mai naɗewa, maganin ciwon kai, tocila, usur, ledar shara, batirin cajin waya, da ƙunshin gishiri da sukari na zawo. Idan babu na kanti, lita 1 ta ruwa, ƙaramin cokali 6 na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri.

Wanda bai kamata ya hau ba sai da shawarar likita

Wannan ya shafe mu Hausawa fiye da wasu. Mai sikila abu uku ne ke tayar masa da ciwo, kuma duka suna saman Shafa: ƙarancin iskar shaƙa a tudu, sanyi, da bushewar jiki. Yaro mai sikila kada a sa shi hawa, kada ya shiga ruwan sanyi, a rufe masa jiki, a yawaita ba shi ruwa. Idan ya fara kukan ƙashi ko ƙirji ko gefen hagu na ciki, a sauko da shi asibiti nan take. Mai ciwon zuciya, mai asma da mai tsohon ciki su tsaya a wuraren zama. Mai ciwon suga da ke allura ko shan magani ya ci abinci kafin ya fara, dabino yana aljihunsa, don tafiya tana saukar da suga, kuma rawar jiki da gumi mai sanyi su ne alama. Haki kaɗan a tsayin mita 2,000 ba komai ba ne ga mai lafiya. Ciwon ƙirji, jiri ko amai kuwa, a tsaya.

Mazaunin Makka da ke son gwada kansa yana da Jabalun Nur a kusa. Wanda ya hau shi da sassafe ya sauko gwiwa ba ta rawa, zai iya yawancin hanyoyin Hada.

A kan hanyar ƙafa

Lissafin lokaci: ƙaƙƙarfan mutum yana cin kilomita 4 zuwa 5 a sa'a a shimfiɗe, iyali da yara 2 zuwa 3. A ƙara sa'a guda a kan kowace mita 500 zuwa 600 ta hawa. Hanyar kilomita 6 mai hawan mita 400 za ta ci wa iyali sa'a 3 zuwa 4 da hutu. A yanke lokacin juyawa tun a mota, a faɗa wa kowa, misali ƙarfe 9:30, don a kan hanya kullum akwai mai cewa saura kaɗan.

Kada a gaza mutum uku. Idan ɗaya ya ji ciwo, ɗaya ya zauna da shi, ɗaya ya nemo taimako. Mafi rauni shi ke ba da saurin tafiya, ƙaƙƙarfa ɗaya a gaba, ɗaya a baya, yara a tsakiya. A sauke taswira a waya tun a gida yadda za ta buɗe babu intanet, a saka alama a inda aka ajiye mota, a tura wa wani na gida wurin da lokacin da ake sa ran dawowa. Sabis yana kamawa a kan tudu amma yana ɓacewa a cikin kwari, ko STC ne ko Mobily ko Zain, kuma waya mai neman sabis tana cinye batir da sauri.

Yawancin hanyoyin nan ba su da allo, kuma sawun awaki ya ratsa ko'ina. A kowace mararraba a juya a kalli baya a ɗauki hoto, don hanya tana sauya kama idan ana dawowa. Idan hazo ya rufe ku, ku tsaya wuri ɗaya ku haɗu. A Hada da Shafa ƙasa tana yankewa ne kwatsam zuwa Tihama, kuma cikin hazo bakin ramin ba ya ganuwa sai an kai taku biyu. Gara a zauna sa'a guda ana jin sanyi.

A gangara taku gajere, gwiwa a ɗan lanƙwashe, a tsakuwa a juya gefe. Kada biyu su jeru ɗaya a ƙarƙashin ɗaya, dutsen da na sama ya ture na ƙasa zai samu.

Birai suna nan garke-garke a hanyar Hada da Shafa, kuma sun saba da mutane har sun raina su. Ba su abinci laifi ne mai tara, kuma shi ne ya lalata su. A rufe gilashin mota, kada yaro ya riƙe leda a hannu a gabansu, kada a zuba wa babban namijin ido ko a nufi 'ya'yansu. Idan sun fizge abu a bar musu. Cizo ko yakushi a wanke da sabulu da ruwa mai gudu minti 15 a tafi asibiti. Akwai kunama, akwai kububuwa da kasa da gamsheƙa a kudu maso yammacin ƙasar. Kada a cusa hannu ƙarƙashin dutse ko cikin rami, a kakkaɓe takalmi da tabarmar salla. Idan maciji ya sari mutum, ba tsaga, ba tsotsa, ba ɗaure da igiya tamau. A cire zobe da agogo, a hana gaɓar motsi, a ɗauke shi zuwa asibiti, kada a sa shi gudu.

Gonakin da aka yi hawa-hawa a jikin dutse suna da masu su, haka amyar zuma. A yi sallama, a nemi izini kafin a ratsa, kada a tsinki rumman ko ɓaure, kada a ɗauki hoton iyalan mutane. Barshumi ma, ɗan itacen nan mai ƙaya, a saya a wurin masu fere shi a bakin titi, ƙayarsa siririya ce, yini guda ana cire ta daga hannun yaro.

A bakin shallal da cikin kwari

Nan ne ya kamata a fi natsuwa. Duwatsun nan tsirara ne, ƙasar da ke kansu ba ta da kauri, gangarar kuma tana da tsayi, saboda haka ruwan da ya sauka ba ya nutsewa. Gaba ɗaya yake tattaruwa daga faɗin wuri ya matse cikin kwari guda. Ana iya yin ruwan a bayan wani dutse mai nisan kilomita da yawa, kai kana zaune cikin rana kana shan shayi, sailu, wato ambaliyar kwari, ya iso maka. Wanda ya ga abin da ya faru a Jidda a Nuwamba 2009, da mutum sama da 100 suka rasu, ya san ruwan ƙasar nan ba ya sallama.

Da an isa, kafin a shimfiɗa tabarma, a duba jikin dutse da itatuwa. Inda ka ga ciyawa da leda sun maƙale a reshe, nan ruwa ya kai a baya. A zauna sama da wannan. Mota ma a ajiye ta a tudu, hancinta yana kallon hanyar fita, ba a cikin yashin kwari ba duk da inuwar da ke wurin. A nuna wa kowa, har yara, gefen da za a haura idan wani abu ya taso.

Alamomin da ke cewa a tashi: ruwan da yake garau ya fara yin ja ko ya ɗauko kara da kumfa, ya ƙaru ko da ɗan yatsa ne, an ji ruri daga sama kamar na babbar mota, ko an hango baƙin hadari a kan duwatsun da kwarin ya fito. A haura gefe nan take. Kada a bi kwarin a guje, ruwan ya fi mutum sauri. Kada a koma ɗaukar tukunya ko waya. Ruwa mai gudu da ya kai santimita 15 yana iya kayar da babba, santimita 30 yana ɗaga ƙaramar mota, 60 yana tafiya da jif. Ba a ganin ƙasansa, kuma sau da yawa ya riga ya cinye kwaltar. Ratsa kwari da mota lokacin da yake gudu laifi ne a dokar hanya, tararsa riyal 5,000 zuwa 10,000. A jira. Yawanci cikin sa'o'i kaɗan yake janyewa.

Tsawa: idan tsakanin walƙiya da ƙararta bai kai daƙiƙa 30 ba, tana cikin kilomita 10. A sauka daga ƙololuwa, a nisanci itace guda tsaye shi kaɗai da shingen ƙarfe, a shiga mota a rufe, a jira minti 30 bayan ƙara ta ƙarshe.

Shallal ɗin kansa daga ƙasa ake kallonsa, daga gefe. Dutsen da ke samansa ruwa ya goge shi ya yi santsi, ga gansakuka, kuma a nan masu ɗaukar hoto suke zamewa. Baƙin dutse mai sheƙi ko kore, kada a taka. Tafkin da ke gindinsa yana ruɗi: bakinsa iya gwiwa, taku ɗaya gaba ya shanye mutum, ruwan yana da sanyin da ke ɗauke numfashi, kuma inda yake faɗowa yana juyawa ya mayar da mutum ƙasa. Ba a tsalle ciki, don kowane sailu yana sauya wurin duwatsu. Tafkin madatsa ya fi muni saboda laka mai riƙe ƙafa, kuma an hana iyo a ciki. Ruwan da ya daɗe a kwance a kwarurukan kudu an san shi da tsargiya, yara kada su yi wasa a ciki. Kowane yaro a ba shi babba guda da sunansa, don idan aka ce kowa yana kallo, babu mai kallo.

Idan wani ya faɗa, kada wanda bai iya ruwa ba ya bi shi. Sau da yawa haka gida ɗaya ke rasa mutum biyu ko uku. A kwanta a baki a miƙa masa sanda ko rawani ko abaya da aka murɗe, ko a jefa masa jarka mara komai da murfinta a rufe. A yankin Makka, wanda ya haɗa da Jidda da Ɗa'ifa, lambar gaggawa 911 ce. A Baha da sauran wurare a kira 998 don Difa'ul Madani, wato jami'an ceto da kashe gobara, 997 don motar asibiti. A faɗi adadin mutane da irin raunin, a karanta lambobin wurin daga taswirar waya, don cewa muna Shafa kusa da wani dutse ba ya kai kowa ko'ina.

Wuta da shara

Itacen ar'ar da ya rufe Shafa da Baha yana daɗewa kafin ya girma, kuma busasshen ganyensa yana kamawa da wuri. Sare shi, ko hura wuta a wurin da ba a keɓe ba, ko amfani da itace da gawayin cikin gida, duk laifi ne, kuma jami'an tsaron muhalli suna zagayawa suna cin tara. Mai son gashi ya zo da murhun ƙarfe mai ƙafa da gawayin kanti da aka shigo da shi daga waje, ko ƙaramin risho na gas, ya yi a wurin shaƙatawa da aka tanada. A kashe garwashi da ruwa, a juya, a ƙara ruwa har a iya taɓa shi da hannu. Binne shi da yashi ba ya kashe shi, yana nan da zafi har wani yaro ya taka. Idan an kwana a tanti saboda sanyi, kada a shigar da gawayi ciki, hayaƙinsa mara wari yana kashe mutane cikin barci. Sharar da aka tara a ɗaure ta a saka a but, kada a ajiye a gindin itace, birai za su yaga ledar kafin ku kai titi. A fara saukowa da sauran rana, a yi Magariba a ƙasa.